Yadda Ake Kallon Tsofaffin Fina-finan Italiya, Daga Baƙi-da-Fari Zuwa Kala

Da yawa cikinmu da zarar sun ga fim ba kala sai su wuce, wai tsohon yayi ne. Abin yana damuna, domin wanda bai saba da baƙi-da-fari ba, ko kalar ta zo ba zai gane aikin da take yi ba. Ga hanyar da nake ɗora duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara.

Mataki na farko, fara daga tushe. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, Cinecittà, katafaren filin shirya fim da gwamnatin Mussolini ta buɗe a birnin Rum a 1937, ya koma matsugunin 'yan gudun hijira. Sai daraktoci suka ɗauki kyamara suka shiga titi. Roberto Rossellini ya yi Roma città aperta a 1945, amma ni na fi son ka fara da Ladri di biciclette, wato ɓarayin keke, na Vittorio De Sica, 1948. Labarin wani magidanci ne da ya samu aikin liƙa fasta, aikin kuma ba ya yiwuwa sai da keke. Wanda ya fito a matsayin uban, Lamberto Maggiorani, ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan wasa ba. Ka lura sosai da wurin da matarsa ta kai zannuwan gadonsu jingina don a fanso keken. Ma'aikacin gidan jinginar ya ɗauki ƙunshin ya yi ta hawa kantoci, sai ka ga zannuwan wasu gidajen jibge har rufin ɗaki. Ba wanda ya ce uffan, amma talaucin gari guda ya bayyana.

Na biyu, gyara wurin kallo. Kashe fitila, ajiye waya, ka nemi kwafin da aka gyara. Cibiyar Cineteca di Bologna ta yi fice a wannan aiki. Kwafi mai dishi-dishi yana kashe inuwa, inuwa kuwa ita ce rabin fim ɗin. Idan ka ga baki bai dace da murya ba, kada ka damu: al'adarsu ce a ɗauki hoto, a ɗora murya daga baya, kuma mu da muka saba da fassarar fina-finan Indiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Na uku, riƙe shekaru a kanka, don nan ne mutane ke kuskure. Tun 1952 akwai kala, kamar a fim ɗin barkwanci Totò a colori. Luchino Visconti ya yi Senso da kala a 1954, amma ya koma baƙi-da-fari a Rocco e i suoi fratelli na 1960, labarin iyalin da suka baro kudu zuwa Milan neman abinci. Federico Fellini bai yi dogon fim mai kala ba sai 1965. La dolce vita na 1960 da 8½ na 1963 duk baƙi-da-fari ne. Tsada tana ciki, da yawan fitilun da kala ke buƙata, amma zaɓi ma yana ciki. Saboda haka kowane fim ka kunna, tambayi kanka me ya sa mai shi ya zaɓi wannan ya bar waccan.

Na huɗu shi ne wanda na fi so: haɗa biyu na darakta ɗaya a mako guda. Kalli L'eclisse na Michelangelo Antonioni, 1962, sannan Il deserto rosso na 1964, fim ɗinsa na farko mai kala, duk da jaruma Monica Vitti. An ɗauke shi a yankin masana'antun Ravenna, kuma Antonioni bai yarda da launin da ya tarar ba. Har 'ya'yan itacen da ke kan amalanken wani mai talla ya sa aka shafa wa fenti ruwan toka, don titin ya yi daidai da ƙuncin zuciyar matar. Hayaƙin masana'anta rawaya ne, guba ne, kuma za ka ji haka a jikinka tun kafin a faɗa. Idan ka zo nan, tsayar da hoton ka ƙirga launukan da ke ciki. Sau da yawa ba sa wuce biyu ko uku.

Daga nan sai Il Gattopardo na Visconti, 1963, labarin wani basaraken Sisili da zamani ke shirin barinsa a baya. Bikin rawar da ke ƙarshe ya kai wajen minti 45. Kalle shi sau biyu. A karo na biyu rage sauti, ka bi farar rigar Claudia Cardinale da ido cikin ja da ruwan zinaren zauren, kana duba fuskar Burt Lancaster, wanda ya fito a matsayin basaraken, duk lokacin da ta gifta ta gabansa.