Darasi na 9: Kare Kuɗinka Lokacin Biyan Mutumin da Ba Ka Sani Ba a Intanet

Wannan darasi ya shafi ciniki da mutum ɗaya, ba da kamfani ba. Wani ne ya ɗora hoton wayarsa, ko kwamfutarsa, ko keken ɗinkinsa a Facebook ko WhatsApp ko wani dandalin talla, ya ce na sayarwa ne. Ba ka taɓa ganinsa ba, kuna nesa da juna, kuma ya ce sai kuɗi ya shiga zai turo kaya. Cinikin biri a sama ke nan, amma mutane da yawa suna yin sa kullum, kuma yawancinsa yana ƙarewa lafiya. Abin da za mu koya shi ne yadda za ka shirya wa ranar da bai ƙare lafiya ba.

Kamfani yana da rajista da adireshi da sunan da yake gudun ɓatawa. Mutum ɗaya kuwa yana iya goge asusunsa cikin minti guda ya buɗe wani da sabon suna. Ita ma doka ba ta ɗauke su ɗaya ba. A ƙasashen Tarayyar Turai, misali, wanda ya sayi kaya a intanet yana da kwana 14 na mayar da shi ba tare da ya faɗi dalili ba, amma wannan haƙƙi yana aiki ne idan daga ɗan kasuwa aka saya. Wanda ya saya daga mutumin da ke sayar da tsohon kayansa ba shi da shi.

Tambayar da za ka yi kafin ka biya

Kyawun maganar mai sayarwa ba kariya ba ne, haka hoton katin shaidar da ya turo maka, domin ɗan damfara yakan yi amfani da katin wani da ya cuta a baya. Kariyar tana cikin hanyar da ka bi ka biya. Ka tambayi kanka: idan kuɗin nan ya fita daga hannuna, akwai wani na uku da zai iya riƙe shi, ko ya dawo mini da shi, ko da mai sayarwa bai so ba? Idan babu, to kyauta ka yi, sai dai in mutumin ya ga dama ya cika alkawari.

Hanyoyin da kuɗi ba ya dawowa

Tura kuɗi kai tsaye daga asusunka zuwa nasa shi ne ya fi yawa, kuma shi ne ya fi jawo kuka. Dalili kuwa, a wurin banki kai ne ka ba da umarni da hannunka da lambar sirrinka, don haka aikin da ka sa shi ya yi. Kuɗin yana shiga cikin daƙiƙu, ɗan damfara kuma yana kwashe shi nan take zuwa wasu asusai, sau da yawa na mutanen da aka ara sunansu. Birtaniya ta tilasta wa bankuna, tun daga 7 ga Oktoba 2024, su riƙa biyan waɗanda aka yaudara suka tura kuɗi, har zuwa fam 85,000. Wannan doka ce ta ƙasa ɗaya, kada ka ɗauka bankinka ma haka yake.

Western Union da MoneyGram an yi su ne don aika wa wanda ka sani. Da zarar an karɓi kuɗin a wurin wakilinsu, magana ta ƙare. A shekarar 2017 Western Union ya amince zai biya dala miliyan 586 a wani sulhu da hukumomin Amurka, saboda yadda 'yan damfara suka daɗe suna karɓar kuɗin jama'a ta hanyarsa.

Kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, ba shi da ofishin da za ka kai ƙara. Katin kyauta irin na Apple ko Google Play kuwa, duk wanda ya ce ka saya ka karanto masa lambobin bayansa a matsayin kuɗin kaya, ka daina magana da shi kawai.

Hanyoyin da suke da mai shiga tsakani

Ta farko ita ce biya a cikin dandalin da ke da tsarin kare mai saye. A eBay, wani dandalin saye da sayarwa na intanet, idan kaya bai iso ba, kana da kwana 30 daga ranar ƙarshe da aka ƙiyasta zai iso ka shigar da ƙorafi. Mai sayarwa yana da kwanakin aiki 3 ya warware, in ya gaza sai ka nemi eBay ya shiga. Sharaɗin shi ne a yi cinikin da biyan duk a cikin dandalin. Shi ya sa mai mugun nufi yakan ce, "Mu koma WhatsApp, zan rage maka kuɗin da dandalin ke cira." Ragin nan farashin kariyarka ne. Ka kuma lura cewa ba kowane dandali ne yake riƙe kuɗi ba. Da yawa allon talla ne kawai: suna haɗa ku, sauran kuma tsakaninku ne. Kayan da ka gani a Facebook Marketplace ka biya ta asusun banki, Facebook ba shi da hannu a ciki.

Ta biyu ita ce PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Lokacin tura kuɗi zai nuna maka zaɓi biyu. Ɗaya an rubuta Goods and Services, na sayen kaya ne. Ɗayan an rubuta Friends and Family, na aika wa dangi da abokai. Kariyar mai saye tana kan na farko kaɗai. A na farkon ana cire wa mai sayarwa lada, kusan kashi 3 cikin 100, gwargwadon ƙasa, shi ya sa ko mai gaskiya yakan roƙi a bi ta na biyu. Maganin wannan mai sauƙi ne: ka ce za ka ƙara masa ladan, wato kamar 3 a kan kowane 100. Idan ka ɗauke masa ladan amma ya dage sai ta hanyar dangi, to ba ladan ne damuwarsa ba.

PayPal yana sauraron ƙorafi iri biyu: kaya bai iso ba, ko ya iso amma ya sha bamban sosai da yadda aka bayyana shi. Ga na farko kana da kwana 180 daga ranar biya. Ga na biyu wa'adin ya fi gajarta a wasu ƙasashe, saboda haka ka kai ƙorafi a makon da kayan ya iso. Akwai abubuwan da tsarin bai rufe ba, kamar fili da gida da mota. Haka idan kai ka je ka karɓi kayan, ko ka aiki wani, ba za ka iya cewa bai iso ba. Inda PayPal ba ya aiki, ka duba manhajar biyan da ake da ita, ka karanta ko tana da rubutaccen tsarin kare mai saye. In ba ta da shi, daidai take da tura kuɗi kai tsaye.

Ta uku ita ce katin banki. Visa da Mastercard suna da tsarin da bankinka zai janyo kuɗi daga wurin wanda aka biya idan kaya bai zo ba, galibi cikin kwana 120. Mutum ɗaya ba kasafai yake iya karɓar kati kai tsaye ba, amma idan ka biya ta PayPal ko ta dandali da katinka, ka sami ƙofa biyu. Ka bi su a jere: PayPal tukuna, in ba ka yi nasara ba sai banki. Idan ka fara da banki, PayPal zai rufe nasa ƙorafin, ba kuma za ka iya komawa ba.

Ga kaya mai tsada akwai kamfanonin riƙon amana, irin su Escrow.com. Kai za ka biya kamfanin, shi ya sanar da mai sayarwa cewa kuɗi yana hannu, a turo kaya, ka duba shi cikin kwanakin da kuka yi yarjejeniya, sannan a saki kuɗin. Tsari ne mai kyau, amma 'yan damfara suna ƙirƙirar shafukan riƙon amana na bogi masu kama da na gaske. Kada ka yarda da wanda mai sayarwa ya zaɓo ya turo maka mahaɗinsa. Kai za ka zaɓa, kuma ka rubuta adireshin shafin da hannunka.

Gwajin mai sayarwa

Ka sa hoton kayan a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet. Idan ya fito a tallace-tallacen wasu mutane, sato shi aka yi. Daga nan ka nemi sabon hoto: ya rubuta sunanka da kwanan watan yau a takarda, ya ajiye kusa da kayan ya ɗauka. Kiran bidiyo ya fi wannan, domin za ka ce ya kunna, ya juya, ya nuna inda ya karce. Wanda kayan yake hannunsa ba ya ɗaukar minti biyar. Wanda ba shi da shi sai ka ji kyamara ta lalace, ko kayan yana wurin ɗan'uwansa, ko yana kan tafiya.

Idan waya ce, ya danna *#06# a gabanka, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lambobi 15, za ta fito. Rubuta ta, don ka gwada da wadda za ta iso. Idan iPhone ce, ya cire asusunsa na iCloud kafin ya turo, in ba haka ba wayar za ta zo a kulle, kuma ba mai gyaran da zai buɗe maka ita ta halal.

Ka duba sunan da ke kan asusun karɓar kuɗi, ko ya yi daidai da sunan mai tallar. Ka duba yaushe aka buɗe shafinsa. Sai gaggawa: "Akwai mutum biyu da ke jira, sa kafin alƙalami yanzu in ajiye maka." Kafin alƙalami ma kuɗi ne, ya bi ta hanyar da ke da kariya ko kada ya fita. Akwai masu tallar kaya guda su karɓi kafin alƙalami daga mutane da yawa, ba su ma buƙatar cikon.

Mai sayarwa ba ya buƙatar lambar sirrin katinka ko lambar da banki ke turowa ta saƙo don ya karɓi kuɗi daga wurinka. Wanda ya turo maka shafi ya ce ka cike bayanan kati "don kuɗin aike", asusunka yake nema.

Shaida

Mai shiga tsakani bai ga cinikinku ba, takarda kawai zai duba. Kafin ka biya, ka ɗauki hoton allon tallar gaba ɗaya, domin za a iya goge ta. Ka sa mai sayarwa ya rubuta a saƙo, ba a murya ba, sunan kayan da samfurinsa da halin da yake ciki da ranar da zai tura. Kalmar "yana aiki lafiya" a rubuce ita ce za ta ci maka shari'a idan ya zo a mace. A wurin bayanin biya ka rubuta abin da ka saya.

Ka nemi aike mai lambar bin sawu, da sa hannu idan kayan mai daraja ne, da hoton rasit mai nuna nauyin kunshin. Nauyin yana da amfani, domin wata dabara ita ce a turo kwali babu komai, lambar bin sawu ta nuna an kai, mai sayarwa ya riƙe wannan a matsayin hujja. Idan rasit ya nuna giram 200 alhali kwamfuta ka saya, rasit ɗin ya tsaya maka. Ranar da kunshi ya iso, ka ɗauki bidiyo ba yankewa, daga takardar adireshi da manne a rufe har ka buɗe ka kunna kayan.

Idan abu ya lalace

Ka rubuta wa mai sayarwa sau ɗaya, cikin ladabi, ka ba shi kwana biyu ko uku. In shiru, ko aka fara "gobe, jibi", ka buɗe ƙorafi. Jan lokaci dabara ce, ana so wa'adinka ya wuce.

A PayPal mataki biyu ne, kuma na biyun ake mantawa. Bayan ka buɗe ƙorafi kana da kwana 20 ka ɗaukaka shi, wato ka nemi PayPal ya yanke hukunci. Idan kwana 20 suka cika ba ka yi ba, ƙorafin zai rufe da kansa, ba a sake buɗewa. Saboda haka mai sayarwa zai iya cewa, "Rufe ƙorafin, yanzu zan dawo maka da kuɗinka." Kada ka rufe sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka, ba a hoton rasit da ya turo ba. Idan an ce ka mayar da kaya, ka mayar zuwa adireshin da aka ba ka da lambar bin sawu. A PayPal yawanci kai za ka biya kuɗin mayarwar, a eBay kuwa mai sayarwa ne ke biya idan kayan ya saɓa wa bayaninsa.

Idan ka riga ka tura kai tsaye ta banki, ka kira bankinka a sa'ar da ka gane, ta lambar da ke bayan katinka. Ka ce damfara ce, ka ba su lambar asusun da lokacin turawa da lambar shaidar biya, ka nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓa ya daskarar da abin da ya rage. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda ka karɓi lambar rahoton, banki yakan nema. Ka kuma kai ƙarar shafin ga dandalin. Bayan haka wasu za su iya tuntuɓarka su ce su ƙwararru ne wajen ƙwato kuɗi, ka biya su ladan aiki tukuna. Damfara ce ta biyu, sau da yawa daga mutanen da suka yi ta farkon.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu, ɗaya mai saye ɗaya mai sayarwa. Mai sayarwa ya yi ƙoƙarin fitar da cinikin daga dandali, ko ya nemi a biya ta hanyar dangi da abokai. Mai saye ya rubuta saƙon da zai mayar masa, kada ya wuce layi uku, ya ƙunshi hanyar biyan da ya yarda da ita da hoton da yake so a turo. Sannan kowa ya buɗe manhajar biyan da ke wayarsa, ya nemo inda aka rubuta sharuɗɗan ƙorafi, ya rubuta adadin kwanakin wa'adin a littafinsa.