Ranch ba rance ba ce, ga yadda ake amfani da ita

Wani ƙanina ya samu fuloti biyu a hanyar Gwarzo ya zuba raguna takwas da kaji ɗari biyu, shi ne ya turo min hoton allon da zai kafa wai in duba masa, ina buɗewa na ga RANCH ɓaro-ɓaro da jan fenti. Na ce yaro dakata tukuna.

Fara da yadda ake furta kalmar. Mu bakinmu baya son kalma ta ƙare ba wasali, shi yasa zaka ji ana ranci ko rance, Hajiyarmu ma da ta ji cewa tayi wane bankin ne zai bashi. Ka ce "ran" sai ka datse da "c" irin ta cokali, kar ka ƙara komai.

Ita ranch makeken fili ne da aka killace, shanu ko tumaki ko dawakai suna watayawa a ciki suna cin ciyawa da kansu, ruwansu na nan, ba bin burtali ba shiga gonar mutane. Turawan ma aro suka yi daga rancho ta Sifaniyanci, ta Meziko ta shiga Amurka, kuma can idan aka ce ranch ba wasa ake ba don King Ranch ta jihar Texas eka 825,000 ce. Mu nan wadda aka fi sani Obudu ce a Kuros Riba, tun 1951.

To kafin ka rubuta a allo ko takardar neman tallafi tambayi kanka, dabbobin nan da ƙafarsu suke kiwo ko kai kake kai musu dusa da harawa a turke? In a turke ne sunan wajenka farm, gidan gona kenan. Kaji poultry farm, kifi fish farm, shanun tatsa dairy farm. Ragon layya a soro kuwa dan Allah barshi a ragon layya.

Mai wajen rancher ne, sana'ar kuma ranching, ita ce ta cika labarai tunda Binuwai tayi dokar hana kiwon sake a 2017. Sannan "on" ake sawa kafin ranch, "he works on a ranch", in ka sa "in" malamin Turanci zai ja maka jan biro. Kuma kar ka fassara ta da ruga kai tsaye, ruga mazauni ce ta Fulani da iyalansu, ranch kuwa harkar kasuwanci ce mai shinge da lebura.

Af, in ka ga kwalba a kanti an rubuta ranch dressing ba wajen kiwo ake nufi ba, farin haɗi ne na zubawa a salak.

Ƙanin nawa dai ya koma Farms, mai fenti ya sake cajarsa, yanzu ni yake bi kuɗin wai ni na ja masa.