Yadda za ka tantance iƙirarin cewa juyin halitta yana ƙara sarƙaƙiya

Idan ka ji an ce juyin halitta kullum daga mai sauƙi yake tafiya zuwa mai sarƙaƙiya, fara da tambayar mai maganar da wane ma'auni ya auna, domin masana kansu ba su tsaya a kan ma'auni guda ba.

Idan ya ce yawan DNA ne, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta, kawo masa albasa. DNA ɗin mutum yana da haruffa kimanin biliyan 3, na albasa ya kai biliyan 16, na gaiwa kuwa, kifin nan da ke kwanciya cikin busasshiyar laka har damina ta dawo, kimanin biliyan 40 ne. Idan ya koma kan adadin ƙwayoyin gado, nan ma da sauran rina a kaba, saboda mutum da wata 'yar tsutsa mai suna C. elegans, wadda tsawonta kamar milimita 1 ne, kowannensu yana da kusan 20,000 masu haɗa furotin. Ma'aunin da ya fi dama-dama a ganina shi ne ƙirga ire-iren sassan jiki, kamar nau'o'in tantanin halitta, waɗanda aka saba cewa sun kai 200 a jikin mutum.

Bayan kun daidaita kan ma'auni, sai ka nemi zuriyar da ta ragu. Tsila ba ta da baki ko hanji, ta fata take tsotsar abincin da mai ɗauke da ita ya narkar, alhali kakanninta suna da hanji. Wasu kifayen da ke zaune cikin kogon dutse a Meziko ma sun rasa idanu. Zaɓin yanayi da Darwin ya bayyana a 1859 yana fifita abin da ke taimaka wa halitta ta rayu ta hayayyafa, saboda haka gaɓar da ke cin ƙarfi ba ta da amfani tana iya ɓacewa.

Daga nan sai ka raba halittu mafiya sarƙaƙiya da galibin halittu. Masanin juyin halitta Stephen Jay Gould ya yi bayani a 1996 cewa rayuwa ta faro ne, fiye da shekaru biliyan 3.5 da suka wuce, a mataki mafi sauƙi, kamar mai tangaɗi a jikin bango: gefe ɗaya kawai zai iya kaucewa, ko da babu mai tura shi. Haka ita ma rayuwa, tunda ba ta iya fin haka sauƙi, wajen sarƙaƙiya kawai take da sarari. Shi ya sa ake samun giwa da mutum, amma har yau bakteriya ne suka fi yawa. Don gane ko akwai turi na gaske, ɗauki zuriya guda, ka kwatanta kakanni da jikoki, ka ƙirga sau nawa sarƙaƙiya ta ƙaru da sau nawa ta ragu.