Fastocin CYRK na Poland: inda masu saye da masu koyon zane suke tuntuɓe

Mai bibiyar zane a intanet da wuya a ce bai taɓa cin karo da su ba: zaki mai launin da babu shi a daji, ɗan barkwanci da jan hanci, a gefe kuma haruffa huɗu, CYRK. Fastocin bango ne na ƙasar Poland, kuma CYRK a harshensu na nufin sakas, wato wasan da ake yi cikin babban tanti da dabbobi da masu tafiya kan igiya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauke su tallar wani wasa na musamman. Duba da kyau, galibinsu babu rana, babu wuri, babu sunan ɗan wasa. A 1962 ne hukumar nishaɗi ta gwamnati, ZPR, ta fara ba manyan masu zane aikin sabunta kamannin sakas a idon jama'a, ta kuma sakar musu mara. Shi ya sa Maciej Urbaniec ya ɗauko matar da ke cikin shahararren zanen nan, Mona Lisa, a 1970 ya naɗe ta kamar mai lanƙwasa jiki a fage. Ba wanda ya sayi tikiti ya je ya ganta. Saboda haka kada ka tsaya neman wasan da aka tallata, nemi dabarar da mai zanen ya ƙulla.

Wasu kuma da sun ji gwamnatin gurguzu ce ta biya kuɗin, sai su ce farfaganda ce kawai. Wasu su zarce ɗaya gefen, duk dabbar beyar da suka gani kan keke su ce Tarayyar Sobiyet ake yi wa habaici, tunda da beyar ake kwatanta Rasha. A lokacin akwai masu tace ayyuka na gwamnati, habaici ma yana nan a wasu fastocin. Amma tun bayan 1956 aka sassauta wa masu zane, kuma babu ɗan kasuwa a kansu yana cewa a ƙara girman sunan kaya. A ganina, yawancin labaran ɓoyayyen saƙo dillalai ne suke ƙara musu gishiri don farashi ya hau.

Sai masu zuba su duka a kwando ɗaya, ko su jingina komai ga Henryk Tomaszewski don shi ne babban malami a makarantar zane ta Warsaw. Hannu ya bambanta ƙwarai. Jan Młodożeniec yana kewaye siffa da baƙin layi mai kauri ya cika ta da launi. Waldemar Świerzy fenti yake watsawa, ɗigo-ɗigo da shafe-shafe. Hubert Hilscher mai tsari ne, zakunansa cike da ado. Jan Lenica kuwa layukansa tafiya suke kamar igiyar ruwa. Ka jera fastoci biyu na mutum ɗaya ka kalla, sannan ka koma kan wani.

Wajen saye ne ake asarar kuɗi. Sa hannun da ke jikin fasta yawanci tare da zanen aka buga shi, ba da alƙalami aka sa ba, don haka bai tabbatar da komai game da shekarunta. An kuma sake buga fitattun cikinsu bayan bugun farko, har don kai wa ƙasashen waje. Nemi a ɗauko maka hoton ƙananan rubutun da ke bakin takardar. Kamfanin WAG ne ke buga su har zuwa 1974, lokacin da kamfanin KAW ya gaje shi. Idan an ce maka zanen 1970 ne bugun farko, kuma ka ga KAW a gefe, to maganar ba ta haɗu ba. Tambayi girma: manyan sukan kai kusan santimita 68 da 98. Takardar asali siririya ce marar sheƙi, don bango aka yi ta. Mai kauri mai ƙyalli, yawanci bugun baya ce.

In ta zo hannunka, kada ka kai a yi mata laminatin, kada salatif ya taɓa ta, kuma ka nisanta ta da hasken rana. Masu adanawa kan sa ƙwararre ya manna ta a kan ƙyallen lilin.

Masu koyon zane su ma da nasu. Sukan kwafi launukan, su zaɓi haruffa daga kwamfuta su liƙa a ƙasa, su yi mamakin yadda abin ya fito a mace. A waɗannan fastoci da hannu ake yawan zana haruffan, kuma ɓangare ne na hoton. Fara da takarda da buroshi, ka tsaya kan dabara guda. Wanda kuma yake shirin buga su a riguna ya sayar, ya sani a Poland haƙƙin mallaka yana kai shekara 70 bayan mutuwar mai aikin. Hilscher ya mutu a 1999, Urbaniec a 2004, Świerzy a 2013.