Yadda Za Ka Haɗa Kayan Sauraron Waƙoƙi a Gida

1. Tara waƙoƙinka a faifan ajiya na USB, a tsarin FLAC, wato tsarin ajiye sauti da ba ya rage ingancinsa. MP3 ma zai yi, sai dai an rage masa armashi.

2. Ɗora manhajar kunna waƙoƙi ta Volumio a katin memori, zura shi cikin 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, jona faifan.

3. Sai ka jona wa Raspberry Pi ɗin DAC ta USB, na'urar da ke mayar da waƙar dijital siginar sauti, daga ita wayar sauti ta RCA zuwa amfilifaya. Wajen jona wayoyin lasifika, ja da ja, baƙi da baƙi. Ka juya na lasifika ɗaya, bas ya tafi, sautin ya zama holoƙo.

4. A Abuja kada ka rasa UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, domin ɗauke wuta ba zato na lalata katin.

5. Amfilifaya ne ƙarshen kunnawa, farkon kashewa. Waƙa kuwa daga wayarka za ka zaɓa, muddin ita da Raspberry Pi suna kan wifi ɗaya.