Ƙaramin kwad na yara: gyara kahin ƙarin gudu

Masu sayo ma yara ƙaramin kwad ɗin nan mai taya huɗu, mai ƙarfin inji 110cc ɗan Sin, kahin ku ce a ƙara mishi gudu ku duba filtar iska tukun, ƙurar hunturun Maradi nan da nan take toshe ta, a wanke soson ya bushe a shafa mishi man inji kaɗan. Man kwalba kuma sai an tace, na ɗana sau biyu yana mutuwa a hanya ashe yashi ne cikin karbureta, wurin da ke haɗa mai da iska. Sarƙa da notuna duk sati a taɓa su, girgiza na kwance su.

Maganar gudu kuwa akwai wani sukuru jikin totur, warware shi kaɗan-kaɗan gwargwadon hannun yaro, ni dai ban cire nashi gaba ɗaya ba, kuma ba hular kwano ba hawa.