Yadda fatar kaza za ta yi garas-garas

'Yan uwa masu ƙorafin fatar kaza na yin laushi a gashi, danshi ne ke jawo haka. Masu gasa agwagwa a Bejin, ƙasar Sin, sukan kwara mata tafasasshen ruwa fatar ta ɗame, su shafa zaƙi, su rataye ta ta bushe. A Ingila kuwa gishiri ake goga wa fatar naman alade don ya tsotse ruwan. Dabarar tana ci a kaza.

Ki tsane ta da tsumma mai tsabta, ki barbaɗa gishiri, ta kwana a firji ba murfi. In wutar lantarkinku ba tabbas, tsanewar ma ta wadatar. Mintuna 15 na ƙarshen gashin ki ƙara wuta sosai. Da ta fito kada ki rufe, tururi zai mayar da ita laushi.